Bashi Da Sunan Shamsiya

Shafi na 31

Masu cika min salula da saƙo kuna cewa na cika rufa wa Tanti Ramatou asiri, to yau ga ta nan na ajiye muku ita a tsakiyar falo. Wadda ta karanta ranta ya ɓaci kada ta zage ni, ni ma da ɓacin ran na rubuta.

*

Kapiten bai ce mata ta zauna ba.

Shamsiya ta ƙame a gaban teburinsa, hularta a ƙarƙashin hammata, idonta a kan bango kamar yadda aka koya musu. Shekararta uku a makarantar likitocin soja da ke gefen Lyon, ba a taɓa kiranta ofishin nan don laifi ba. Yau Juma'a ana tsakiyar darasi aka fito da ita daga aji.

Da bakin biro ya turo mata wata takarda, kamar wanda yake ƙyamar taɓa ta.

"Karanta," ya ce da Faransanci.

Ta ɗauka. Daga wani kamfanin karɓar bashi ne. Wai ita Shamsiya Mamane ta karɓi katin bashi a wani babban kanti a Paris cikin watan Nuwamba, ta kashe Yuro dubu shida da ɗari huɗu, yau wata uku ko sisi ba a biya ba. Sun yi ta aika wasiƙa ba amsa, shi ne suka nemo makarantarta.

Sau biyu ta karanta kafin ta ɗago.

"Mon capitaine, ba ni ba ce."

"Duk haka kuke cewa."

Kuke. Ta ji kalmar har cikin haƙoranta. Ita da su wa?

"Ƙasarku ta turo ki ki koyi ɗinkin rauni," ya ci gaba yana gyara zaman tabarau, "ba ki koyi sunayen turare ba. Sojan da bashi ya shaƙe wa wuya ba ma ba shi makullin ɗakin magani. Kin gane?"

"Katina ɗaya ne a duniya, mon capitaine. Ban taɓa wuce wata ban biya ba. Zan iya nuna maka..."

"Ban tambaye ki tarihi ba."

Ya rufe fayil ɗin da ke gabansa.

"Litinin ƙarfe takwas. Ko ki kawo min takardar komisariya, ofishin 'yan sanda, da ke nuna kin kai ƙarar wanda ya yi amfani da sunanki, ko ki zauna gaban majalisar ladabtarwa. Idan ta kai ga haka, ki fara haɗa akwatinki, Yamai za ki koma. Fita."

Ta sara masa, ta juya, ta fita.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a duk makarantar idan ana neman wadda za a yi wa dariyar maƙo, ita ce. Ranar da ta buɗe asusu a wani banki a unguwar La Guillotière da ke Lyon, ma'aikaciyar ta baje mata katuna kala-kala, ta ɗora yatsa a kan mai ruwan zinari tana cewa ɗaliban soja kuɗinsu tabbas ne duk wata, don haka za a ba ta ba wahala. Shamsiya ta tambaye ta abu uku kawai. Nawa ake cira a shekara? Idan mutum ya makara, nawa ne ruwan? Za a iya sa masa iyaka? Da ta ji amsa sai ta ture mai zinarin, ta ɗauki wani shuɗi marar kwarjini, ta sa aka ɗaure shi a Yuro ɗari uku a wata. Duk ranar da kuɗinta suka shigo take biyan abin da ta ci gaba ɗaya, don ta rantse ba za ta ci riba ba, ba kuma za a ci da ita ba.

Katin nan shi Tanti Ramatou ta mayar abin ba'a. Tanti ƙanwar mahaifiyarta ce, matar wani babban ma'aikacin ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, wadda ta hana a kira ta Inna ko Iya wai sunan ƙauye ne. Bara a wani kanti ta sa Shamsiya ta biya mata kuɗin takalmi kafin su koma gida, na'ura ta ƙi karɓar katin saboda ya wuce iyakarsa. A gaban mai kantin Tanti ta kwashe da dariya.

"Wanga kati ne ko tikitin bas? Ke kam talauci har Faransa ya biyo ki."

Har yau idan an yi baƙi sai ta ba da labarin.

Da yamma Shamsiya ta shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sauka La Guillotière. Ma'aikaciyar bankin nan dai ta taimaka mata suka kira kamfanin, aka turo musu kwafin takardun da aka cike, aka buga mata shafi tara.

Shafin farko ya ishe ta.

Sunanta ne. Ranar haihuwarta ce. Hoton fasfonta ne. Amma adireshin da aka rubuta ba na makaranta ba ne.

Gidan Tanti ne.

"Kin san wurin?" matar ta tambaya.

"Na sani."

"To komisariya na nan bayan tashar jirgin taram. Ki tafi yanzu, kada ki kwana da shi."

Shamsiya ta ninke takardun ta sa a ambulan. Ba komisariya ta nufa ba. Tikitin jirgin ƙasa ta saya na safiyar Asabar, da shuɗin katin nata, Yuro talatin da tara.

*

Sha ɗaya da rabi ta sauka Paris. Da kakinta ta zo, da gangan, don ta san babu abin da Tanti ta tsana kamar ta gan ta a cikinsa.

Tun daga matakala take jin guɗa da ƙamshin turaren wuta. Saura kwana takwas bikin Afnan, 'yar Tanti tilo, yau kuma aka kira matan manya su zo ganin kaya. Kowa a dangi ya san angon ɗalibi ne, akwati biyu ya iya kawowa. Amma da Shamsiya ta tura ƙofar falon, akwati shida ta gani a jere a kan kafet, bakinsu a buɗe.

Mata sun kai goma a kan kujeru, kowace da gwal a wuya. Afnan na tsaye da salula tana ɗaukar bidiyon kayan. Can a lungu kusa da ƙofar kicin, a ƙasa, Inna Fatsima ce zaune, mahaifiyar Shamsiya, wadda ta zo daga Maradi mako uku da suka wuce don bikin. Tire ne a cinyarta tana ƙulla dabino da alewa a 'yan ledoji. Yayar matar gida ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma wanda bai sani ba zai ɗauka 'yar aiki aka ɗauko.

Shamsiya ta wuce kowa ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ina kwana? Kin tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Shamsi. Ke da kika ce sai Alhamis?" Inna ta dube ta, ta dubi ambulan ɗin hannunta, ta mayar da kai kan tire. "Ya karatu? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"A'a! Ku ga Janar!"

Muryar Tanti ce. Tana zaune a kujerar tsakiya cikin shadda ruwan hoda, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yaƙi aka fara ne ba mu ji ba? Ke ba ki da zane ko ɗaya da za ki shigo cikin mutane da shi? Hajiya, wagga ita ce ɗiyar Yaya da nake ba ku labari. Mai katin nan."

Matan suka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don a faranta wa mai gida.

"Tanti, ina kwana," Shamsiya ta ce. "Magana nake so mu yi. A ɗaki."

"Ina da baƙi."

"Ba za ta daɗe ba."

"Ke, ni ba kurtun barikinku ba ce da za ki shigo ki ba ni oda. In magana ce ki yi ta nan. Mi gare ki da ya wuce roƙo? Kuɗin anko ne ba ki da shi? Na ce miki na yahe."

Shamsiya ta miƙe tsaye. Ta yi niyyar rufa mata asiri, Allah ya sani. Amma tunda ita ta zaɓi falo, to falon.

Ta zaro shafi na huɗu, ta taka zuwa gaban akwatunan.

"Sha takwas ga Nuwamba," ta karanta. "Jakar hannu, baƙa, ta fata."

Ta sunkuya ta ɗago wata baƙar jaka daga akwatin farko, ta ajiye a kan tebur.

"Ke, ajiye min jakata!" Afnan ta yi tsawa. "Kin san kuɗinta kuwa?"

"Na sani. Har da 'yan canjin da ke kai. Ashirin da biyu ga Nuwamba, turare kwalba huɗu."

Ta jero su ɗaya bayan ɗaya kusa da jakar.

"Uku ga Disamba, agogo. Wanda ke hannunki ne, Afnan, ko akwai wani?"

Afnan ta sauke salular daga ɗaukar bidiyo. Falon ya yi tsit, sai ƙarar leda a hannun Inna, ita ma ta tsaya.

"Wane irin hauka ne wannan?" Tanti ta ce, amma ta sauke ƙafarta ƙasa.

"Ba hauka ba ne, Tanti, lissafi ne. An karɓi katin bashi da sunana, da hoton fasfona, da adireshin gidan nan. An ci dubu shida da ɗari huɗu. An bar biya tun Fabrairu. Jiya aka kira ni gaban Kapiten kamar ɓarauniya."

Wata Hajiya mai farin gilashi ta ce, "Inna lillahi," tana gyara zama don ta ji da kyau.

Tanti ta yi dariya. Dariya sosai, har da tafa hannu.

"Ku ji min ɗiya! Ke har suna gare ki da za a ci bashi da shi? Wa ya san ki? Mijina abin da yake ɗauka a wata ke sai ki shekara biyu kina fareti ba ki gan shi ba. Ni zan rasa wanda zan ara wa suna sai ke?"

"Shi ya sa na yi mamaki."

"Kin je kin ci bashinki kin yi abin da kuke yi a Lyon, yanzu asiri ya tonu kin kwaso jiki za ki shafa mana."

"A Lyon nake kwana ranar sha takwas ga Nuwamba, ina gadi. Akwai rajista. Kantin kuma a Paris yake. Jakar kuma ga ta a falonki."

"Jaka iri ɗaya dubu nawa ce a garin nan?"

"Da turaren? Da agogon? Da leshi bandir uku na ranar tara ga wata? Duk sun yi kama ne?"

Afnan ta juya ga uwarta. "Maman, ba ke kika ce Papa ne ya..."

"Rufe min baki!"

Shamsiya ta dubi 'yar'uwar tata daga sama har ƙasa. Wata shida Afnan na saka hotunan kayan nan tana rubuta godiya ga Allah da ya ba ta miji mai hali. Ashe ita Shamsiya ce mijin mai halin, tana Lyon tana cin abincin kantin makaranta, tana wanke kaki da hannu don kada ta biya kuɗin inji.

"Afnan, ba da ke nake ba," ta ce. "Ke ko sunan titinku aka ce ki cike a takarda sai kin kira wani. Wannan aikin mai wayo ne."

"Ni kike zagi?"

"Wanke ki nake yi. Ki gode."

Tanti ta miƙe. Ta tako har gaban Shamsiya, ƙamshin turarenta ya cika mata hanci. Ta rage murya, amma ba yadda baƙi ba za su ji ba.

"Ke Shamsiya, dube ni nan. Ranar da kika sauka ƙasar nan da akwatin ƙarfe da takalmin roba, wa ya je ya ɗauko ki? Gidan wa kika kwana wata guda kina ci kina sha? Rigar sanyin farko da kika sa, ta wa ce?"

"Ta Afnan ce, wadda zif ɗinta ya lalace. Ban manta ba."

"Butulu."

"Na yi miki wanke-wanke wata guda, Tanti. Na yi guga. Na kwana a ƙasan ɗakin Afnan ga gado biyu. In bashi ne wannan, ina ganin na biya. In ma ban biya ba, da kin faɗa min nawa ne, da na biya ki da kaɗan-kaɗan. Ni na iya biyan bashi. Shi ne abu ɗaya da kike min dariya a kai."

Hajiya mai gilashi ta yi tari don ta ɓoye abin da ya taso mata.

Fuskar Tanti ta canja. Ta waiga ta ga idanun matan nan goma, matan da ta shekara tana nuna musu ita ce gaba, duk a kanta. Kafin magariba labarin zai kai Yamai, kafin gobe ya kai Maradi.

"To mu ce ma an yi," ta ce tana ɗaga kafaɗa. "Mu ce wani a gidan nan ya yi. Sai mi? Ba dangi ba ne? Bikin 'yar'uwarki ne. Wasu ɗiyan da kansu suke kawo gudunmawa. Ke mi kika kawo? Kofuna shida!"

"Kofuna shida da kuɗina."

"Kuɗin banza! Kina zaune gwamnati na ba ki ci da kwana kyauta, kuɗi na shigo miki duk wata kina tarawa kamar tsohuwa. Bankin da kansa ya ga kin isa a ba ki dubu shida, ke kika tsaya kan ɗari uku saboda ƙaramin kai. Don an taɓa abin da ba ki da zuciyar taɓawa shi ne za ki tara min jama'a?"

"Ke kika tara su, Tanti. Ni ɗaki na ce."

"Za a biya! In maigidana Alhaji ya dawo daga tahiya za a biya, ki daina yi mana haushi a gida."

"Wata uku wasiƙunsu na zuwa gidan nan da sunana. Ina suke?"

Tanti ta kau da kai.

"Kin buɗe su, kin karanta, kin zuba a shara. Kin san za su neme ni. Kin san abin da ake yi wa soja mai bashi. Shekara uku ina tashi ƙarfe biyar, ina gudu cikin ƙanƙara, ina haddace sunan kowace jijiya a jikin mutum. Saura kaɗan in zama likita ta farko a gidanmu. Kika ɗauki duk wannan kika saya wa 'yarki jaka."

Muryarta ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ba matan tsoro.

"Litinin ƙarfe takwas Kapiten ke jiran takardar komisariya. In ban kai ba, kora ta za a yi. Don haka daga nan can na nufa. Na zo ne kawai in dubi idonki tukuna, kada a ce ban yi ladabi ba."

"Shamsi." Inna ce daga lungu, a hankali. "Ki zauna tukuna."

"Inna, ki yi haƙuri. Yau kam ba zan zauna ba. Shekara nawa tana taka ki kina cewa a yi haƙuri? Ki duba inda ta ajiye ki. Ga kujeru, ke kina ƙasa kina ƙulla mata alewa."

"Na ce ki zauna."

"Bar ta, Yaya," Tanti ta ce.

Wani abu ya sauya a muryarta. Tsoron da ya fito a fuskarta ɗazu ya koma, murmushi ya maye gurbinsa. Ta koma kujerarta ta zauna, ta sake ɗora ƙafa kan ƙafa, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Bar ta ta tahi. Amma Janar, kafin ki tahi, tunda ke mai ilimi ce, in tambaye ki. Da mi da mi ake buɗe irin katin nan?"

Shamsiya ta ƙura mata ido.

"Ba ki sani ba? Duba takardunki. Hoton fasfo, to, wannan kin bar kwafi a gidana tun zuwanki, ban musa ba. Sai mi kuma?"

Shamsiya ta buɗe shafi na shida. Takardun shaidar kuɗin da makaranta ke biyanta ne, na wata uku a jere. Agusta, Satumba, Oktoba. Sai takardar shaidar zama ɗaliba ta shekarar karatun nan, mai hatimin makaranta.

"Na bara ne ko na shekara uku da suka wuce?" Tanti ta tambaya tana duba farcenta.

"Na bara."

"Kin taɓa ba ni su?"

Ba ta taɓa ba. Rabonta da kwana a gidan nan ya fi shekara. Takardun nan a cikin kabad ɗinta suke a makaranta, da kwaɗo, makullin a wuyanta.

"Kin taɓa ba Afnan?"

"A'a."

"To aljani ya kawo min su kenan." Tanti ta juya ga baƙinta tana murmushi. "Kun gani ko? Ɗiyan yanzu. A sa musu kaki sai su ɗauka sun gama sanin duniya."

Shamsiya ta san Tanti. Ba ta taɓa sakin jiki haka sai tana riƙe da abin da za ta soki mutum da shi.

Ta juya shafi na bakwai. A ƙasa akwai lambar salular da aka bayar, wadda kamfanin ke tura wa lambobin sirri duk lokacin da za a yi sayayya. Tun a jirgi ta gan ta. Ba ta Tanti ba ce, ba ta Afnan ba, ba ta Alhaji ba. Ta hana kanta kira ne don kada mai ita ya farga ya jefar da layin.

Ta ciro salularta.

"Ba sai mun yi ta ja ba, Tanti. Duk wanda ke riƙe da layin nan, shi ya amince da kowace sayayya. Polis ma da shi za su fara."

"Kira mana," Tanti ta ce. "Sa a lasifika kowa ya ji."

Shamsiya ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Matan suka miƙa wuya. Afnan ta ƙanƙame jakarta a ƙirji tana kallon uwarta.

Kiran ya shiga.

Daƙiƙa ɗaya, biyu, ba a ji komai ba.

Sai wata 'yar ƙara ta tashi, irin ta tsofaffin salula masu maɓalli. Ba daga jakar Tanti ba. Ba daga ɗakin kwana ba.

Daga lungun ƙofar kicin.

Shamsiya ta juya a hankali.

Inna na zaune yadda take, tire a cinya, kanta a sunkuye. Ƙarar na fitowa daga 'yar jakar saƙa da take ratayawa a ƙarƙashin hijabi, wadda take ajiye fasfonta da carbi.

Ba wanda ya motsa. Salular ta yi ta kuka.

A lokacin ne abin ya faɗo wa Shamsiya. Oktoba. Inna ta kira ta daga Maradi ta ce masu biza sun ce sai an haɗa da takardun ɗiyarta da ke Faransa. Ita da kanta ta buɗe kabad, ta ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, ta tura mata, har tana tsokanarta cewa ta kusa ganin dusar ƙanƙara.

Ta taka zuwa lungun. Ta durƙusa.

"Inna." Muryarta ta dawo ta yarinya. "Ita ta ba ki salular nan da kika zo, ko? Ta ce ki riƙe ki dinga kira da ita. Ba ki san ko ta mece ce ba. Haka ne, ko? Ki ce haka ne, Inna."

Daga bayanta Tanti ta ce, "Komisariya na nan ƙarshen layi, hannun dama. Ki kama hannun uwarki ku tahi tare, kada ki sha wahalar zuwa sau biyu."

Shamsiya ba ta ko waiga ba.

"Inna, ki dube ni."

Inna ta ajiye ledar da ke hannunta a kan tire. Ta sa hannu cikin hijabi ta ciro 'yar salular, ta danna ta katse kiran. Sannan ta ɗago, idonta a bushe, babu ko ɗigon hawaye.

"Ramatou ba ta saci komi ba, Shamsi," ta ce. "Ni na tura mata takardunki. Kuma na san abin da za a yi da su tun kafin in tambaye ki."